Ranar da Injiniya Ya Dafa Ƙwai a Lagireto

Sunan da iyayensa suka sa masa daban ne, amma babu mai kiransa da shi. Injiniya ake ce masa, kuma shi ya ba kansa sunan. Duk abin da ya sani game da inji ya samo shi ne lokacin da ya yi gadin wani gareji. Makanikai na aiki a ciki, shi yana kan benci a bakin ƙofa yana kasa kunne. Da aka sallame shi ya fito da sunayen ƙarafa cike da baki, hannu kuwa ko noti bai taɓa ɗaurewa ba.

"Ni ba sai na buɗe inji ba," haka yake faɗa a teburin Mai Shayi. "Tari ɗaya zai yi in gaya maka ciwonsa."

Fankar ɗakinsa ta yi tari, ya gyara ta. Tun daga ranar bango take yi wa fifita. Rediyon Tela maƙwabcinsa ya yi tari, ya karɓa ya gyara. Ya dawo da shi shiru, da ragowar kusoshi a cikin leda.

Zaman gida ya yi tsawo, buhun hatsi ya kwanta. Matarsa ta gaji, ta tafi wurin yayanta, wanda kowa ke kira Mai Kaji saboda gidan kajin da yake da shi a bayan gari. Mai Kaji ya sayi keke mai ƙafa uku, irin mai akwatin kaya a baya, yana neman direban da zai riƙa kai masa ƙwai kasuwa. Ta roƙa, ta yi hawaye, ta kawo sunan 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Ya yarda ba da son ransa ba.

Da safe ya kawo keken da kansa har ƙofar gida, an jera kiret-kiret na ƙwai a baya. Mai Kaji ba ya son doguwar magana.

"Ka kai ƙwan nan rumfata a kasuwa kafin rana ta take. In sun isa lafiya, keke ya isa lafiya, aiki naka ne. In ba haka ba, kada ƙanwata ta sake zuwar mini da zancenka."

"Yaya, ai ka kawo keken nan gidan likitansa."

"Abin da nake tsoro ke nan."

Ya ɗaga kujerar direba, ya zaro jakar sifanu, ya saƙale ta a hammata.

"Yaya, in wani abu ya taso a hanya fa?"

"Ka kashe shi, ka kira ni. Kada ka taɓa."

Ya tafi sayen abincin kaji, daga can zai wuce kasuwa.

Ko kwana bai sha ba Injiniya ya faɗa ɗaki ya durƙusa, ya jawo wani allon katako daga ƙarƙashin gado. Ya daɗe da sa aka rubuta masa shi, yana jiran ranar da zai buɗe garejinsa. Da manyan jajayen haruffa aka rubuta: INJI YA GAN NI YA WARKE. Ya zagaya keken yana neman inda zai kafa shi. A gaba, ƙasa da fitila, ya ga wata baƙar raga mai ƙananan ramuka, ba kyan gani. Allon ya rufe ta daidai, kamar an auna. Ya ɗaure shi tam da waya.

Wannan raga fuskar lagireto ce. Ta nan iska ke shiga ta sanyaya ruwan da ke zagaya inji. Injiniya bai taɓa jin haka a gareji ba, domin abin da kowa ya sani ba a faɗarsa da baki.

Matarsa ta leƙo daga zaure.

"Baban yara, waɗannan ramuka da ka rufe, ba ta nan yake numfashi ba?"

"Numfashi? Akuya ce? Inji ta baya yake numfashi, ta salansa. Koma ki ji da tukunyarki."

"Zan koma. Ka dai tuna abin da za a sa a tukunyar, daga keken nan zai fito."

Hanyar kasuwa miƙaƙƙiya ce. Injiniya bai bi ta ba. Ina amfanin allo in ba a karanta ba? Ya saka giya ta ɗaya, ya bi layin unguwa a hankali yana danna hon. Ya hau tudun makaranta, ya sauko, ya sake hawa domin waɗanda ba su fito da wuri ba. Ya wuce teburin Mai Shayi yana ɗaga hannu, ya zagayo, ya sake wucewa. Ana cikin haka ya ji zafi na dukan ƙwaurinsa. Ya duba agogon zafin inji da ke gabansa, allura ta shige ja. Wani ƙauri ya taso, tururi ya fara fita ta gefen allon. Keken ya yi shaƙuwa, ya mutu daidai tsakanin teburin Mai Shayi da shagon Tela.

Tela ya ɗaga kai daga ɗinki, ya karanta allon a hankali, da ƙarfi, ya dubi tururin.

"Injiniya, ya gan ka ya warke, ko ya gan ka ya suma?"

"Ni na kashe shi da kaina. Saurarensa zan yi."

"Au, sai ya mutu ake saurarensa?"

Injiniya ya sa hannu a aljihu, ya taɓa waya. Maganar Mai Kaji ta dawo masa. Amma masu shan shayi sun riga sun juyo da kofunansu, masu wucewa sun tsaya, kowa ya dubi allo sai ya dube shi. Mai irin wannan allo ba ya kiran mai sayar da ƙwai ya zo ya taimake shi. Ya zare hannu daga aljihu, ya naɗe hannun riga.

"Mai Shayi, ara mini cokali."

A gareji ya sha ganin babban bakanike ya dafa doguwar sukundireba a kan inji, ya kai kunne ɗaya ƙarshen. Cokalin shayi gajere ne. Ya dafa shi, ya sunkuya, ya ƙara sunkuyawa, sai kunne ya haɗu da ƙarfe. Aka ji cau! Ya yi tsalle da baya yana dafe da kunne.

"Me ya ce maka?" in ji Mai Shayi.

"Ya ce zafi yake ji."

"Wannan ai mu ma daga nan mun ji."

Injiniya ya hau kan dakali ya fuskanci jama'a.

"Ku saurara, ku ƙaru. Zafi ba ciwo ba ne, alama ce. Ciwon yana ciki, kuma gaskit ne. Wani siririn faifai ne tsakanin kan inji da gangar jikinsa, shi ke raba ruwa da mai da wuta kada su haɗu. In ya ƙone, salansa za ta yi farin hayaƙi. Baƙin mai zai koma kamar shayi mai madara. Ruwan lagireto ya ragu ba a ga inda ya bi ba."

Duk wannan gaskiya ne, haka ya ji ana faɗa a gareji. Har wani dattijo ya gyaɗa kai.

"Bari mu fara da hayaƙi. Tela, zo ka buga mini kik."

Ya zagaya baya, ya tsuguna, ya kai fuska bakin salansa yana buɗe hanci. Tela kuwa ƙafarsa ta saba da taka keken ɗinki tun yana saurayi. Ya taka da iyakar ƙarfinsa, ya kuma murɗa mai har ƙarshe. Injin ya yi wani ƙaton atishawa ya sake mutuwa. Injiniya ya miƙe, idanu kaɗai ake gani a fuskarsa.

"Fari ne ko baƙi?" in ji Tela.

"Fari ne."

"Mu dai baƙi muke gani a fuskarka."

"Daga waje ne baƙi. Cikinsa fari ne. Ku ba ni kofi."

Ya fizgi kofi daga kan tebur, ya zaro sandar gwada mai, ya ɗiga a ciki, ya juya da yatsa. Man ya yi fari-fari. Ya ɗaga kofin sama kowa ya gani.

"Ga shi nan! Shayi mai madara!"

"Malam, kofin nan ba a wanke ba," in ji Mai Shayi. "Yanzu aka gama sha da shi."

"Madararka tana da wannan maiƙo?" Ya lashi yatsa, ya tauna baki, idonsa ya yi haske. "Har da zaƙi! Na ji ana faɗa, in ruwan inji ya ratsa mai, zaƙi yake yi."

"Sukari ne. Ni na zuba da hannuna."

"Kai ka tsaya a tukunyar shayi, ni in tsaya a inji. Na taɓa zuwa na ce maka ga yadda ake dama madara?"

"Jiya ma ka faɗa."

Saura ruwa. Murfin lagireto yana can bayan allon. Injiniya ya ari ƙyalle a shagon Tela, ya miƙa hannu ta sama yana laluba, yana nishi.

"Cire allon mana ka ji daɗin aiki," in ji Tela.

"Allon ya tsare maka wani abu? Hassada dai."

Murfi ya buɗe da huci. Allah ya taimake shi injin ya ɗan huce a lokacin da yake wa'azi, bai ƙone ba. Ya leƙa. Ruwa ya ragu, domin rabinsa ya tafi a tururi kowa na kallo.

"Alama ta cika. Gaskit ne. Da Yaya bai tafi da sifanu ba, da yanzu na raba injin nan biyu."

"Allah ya yi wa Yaya albarka," in ji Tela.

Injiniya ya yi tsaye yana shafa ƙonannen kunnensa. Sai idonsa ya faɗa kan kiret ɗin ƙwai. Ya tuna wani direban babbar mota da ya taɓa ba da labari a gareji, cewa lagiretonsa ya yi yoyo a daji, ya fasa ƙwai a ciki, ƙwan ya dahu ya toshe ramin har ya iso gari. To gaskit ma ai yoyo ne, sai dai yana can ciki. Ƙwai ba makaho ba ne. Zai bi ruwa ya je ya same shi.

Ya ɗauki ɗaya, ya ƙwanƙwasa a kan fitila, ya juye a bakin lagireto.

Mai Shayi ya matso, abin ya shigo sana'arsa.

"Ɗaya tak? Ni ko ɗan dako zan soya wa ba na sa masa ɗaya. Wannan fa mai ɗaukar kaya ne."

Injiniya ya ga akwai hankali a maganar. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa. Layin gaba na kiret ɗin sama ya zama wayam.

"Direban nan ya ce har da barkono," in ji shi. "Yana kama ƙananan ramuka."

Mai Shayi ya miƙo gwangwanin garin barkono ba musu. Injiniya bai auna ba, ya karkata shi kawai.

"Saura albasa," in ji Tela.

"A yanka masa burodi, ko haka zai ci?" in ji Mai Shayi.

Ana cikin dariya matar Injiniya ta ratso jama'a, mayafi a karkace. Labari ya kai mata har madafa. Ta dubi fuskar mijinta, ta dubi ɓawon ƙwai a ƙasa.

"Baban yara, ƙwan Yaya kake fasawa?"

"Magani ne."

"Maganin wa? Kira shi, don girman Allah. Ya ce ka kira shi."

"In kira shi in ce me? An gama aiki." Ya cika lagireto da ruwan buta, ya murɗe murfi. "Matsa ki gani."

Ya buga kik. Injin ya daɗe yana hutawa, ya kuma sami ruwa, sai ya tashi lafiya lau, yana kiɗa kamar sabo. Jama'a suka yi tsit. Injiniya ya juya ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa allon da yatsa.

"Tela, sake karanta mana. Ɗazu na ji muryarka da daɗi."

Matar ta tattare zane, ta hau akwatin baya, ta rungume kiret-kiret.

"In za su fashe, su fashe a gabana."

Tela ya ja ƙofar shago ya kulle, ya ce yau ɗinki ya jira, ya tayar da babur ɗinsa. Mai Shayi ya bar tebur a hannun dattijon nan, ya hau bayan babur ɗin Tela. Suka bi sahu.

Gangara ta yi daɗi. Injiniya har waƙa yake yi. Da suka hau shimfiɗaɗɗen titi sai wani ƙamshi ya fara tashi. Wani kare ya taso daga gindin bishiya ya bi su. Wani ya biyo shi. Wata mata a bakin hanya ta ɗaga hannu.

"Mai ƙwai! Dafaffe ne? Tsaya mana!"

A ciki kuwa ƙwai ya yi abin da ƙwai ke yi a ruwan zafi. Ya daskare, ya cushe ƙananan hanyoyin lagireto, ruwa ya daina zagayawa. Iska ba ta shiga, ruwa ba ya tafiya. Allura ta koma ja, ta wuce, ta jingina da bango.

"Baban yara, ƙafata na jin zafi ta cikin ƙarfe!"

"Magani ne yake aiki."

Ya cire hularsa ya kifa a kan agogon, kada ya ɗauke masa hankali.

A ƙofar kasuwa aka cushe. 'Yan dako, masu baro, masu talla, kowa na neman hanya. Daga nan ana hango rumfar Mai Kaji, shi kansa yana tsaye a gaba da farar riga, yana duban rana yana duban hanya. Injiniya ya miƙe zaune, ya gyara wuyan riga, ya danna hon, ya murɗa mai domin a ji lafiyar inji.

Tiyon ruwa ya kumbura kamar cikin kwaɗo. Sai bam!

Farin tururi ya rufe ƙofar kasuwa, kuma ba tururi ne zalla ba. Mai baro na farko ya yi atishawa, ya saki baro. Mai tallan lemo ta yi, tire ya karkace. Kafin a ce me, layin gaba ɗaya atishawa ake yi, da masu saye da masu sayarwa, har karnukan. Guntayen dafaffen ƙwai suka yi ta sauka kamar ƙanƙara. Injiniya ya yi nasa atishawar, ƙafarsa ta danne burki. Matarsa ta riƙe kiret-kiret da ƙirji da haɓa, ta kusa tsira da su, sai barkono ya iso hancinta. Na sama suka tafi.

Keken ya tsaya cik, tazarar tofa yawu da rumfa. Farin hayaƙi mai kauri ya tuttuɗo daga salansa, injin ya yi gurnani ya yi shiru.

Mai Kaji ya tako a hankali. Ya yi atishawa, ya share ido. Ya ciro wani abu daga gemunsa, ya duba, ya shinshina.

"Wannan ƙwaina ne."

"Yaya, bari in yi maka bayani. Shi gaskit..."

Mai Kaji bai dube shi ba. Ya zagaya gaban keken, ya tsaya yana karanta allon, leɓensa na motsi. Ya warware wayar, ya cire shi. Bayan allon fenti ya yi ƙuraje saboda zafi. Ya dubi ragar, ya dubi allon, ya dubi ƙanwarsa da ke zaune cikin ruwan gwaiduwa. Ya aika a kira bakaniken da ke da rumfa a bakin kasuwa.

Bakanike ya zo yana toshe hanci da gefen riga. Ya leƙa nan, ya leƙa can, ya zaro sandar mai. A wannan karo, ba kofi ba madara, man ya fito fari kamar kunu.

"Gaskit ya ƙone," in ji shi.

Injiniya ya daka tsalle daga kan kujera.

"Kun ji? Jama'a, kun ji da kunnenku? Tela, kana ina? Ban faɗa ba tun a ƙofar shagonka? Mai Shayi, ka ce sukari ne!"

"Yanzu ya ƙone, Malam," in ji bakanike. "Ɗazu lafiyarsa ƙalau. Da allon nan kawai aka cire, aka bar shi ya sha iska, da ya kawo ku ya mayar. Wane ne ya toshe masa gaba, ya kuma ɗura masa ƙwai?"

"Wato ɗazu bai ƙone ba."

"Bai ƙone ba."

"Ni kuwa tun ɗazun na ce gaskit ne." Injiniya ya juya ga jama'a, fuska baƙa, kunne a kumbure, hawayen barkono na zuba. "Kun ga bambanci? Bakanike sai abu ya ƙone yake gani. Ni tun bai ƙone ba na gano shi."

Tela ya zauna a kan buhun wani yana riƙe da ciki. Mai Shayi ya kifa kai a bayansa.

Mai Kaji ya miƙa tafin hannu.

"Makulli."

"Yaya, in ka ba ni sifanun nan, kafin la'asar..."

"Makulli."

Ya ba shi. Matar ta sauko daga akwati tana matse bakin zane.

"Yaya, yaran fa? Su ba su fasa ƙwan kowa ba."

Mai Kaji ya dube ta. Ya ja dogon numfashi, barkono ya sa ya fasa.

"Ya tura keken nan zuwa rumfar bakanike. Da hannu. Gobe ya zo gidan kaji, akwai shebur. Shebur ba shi da inji."

Haka aka yi. Injiniya ya tura keke ta tsakiyar kasuwa, allo a hammata, karnuka na lasar tayoyi. Tuƙi kuwa ya tafi hannun wani. Tun daga ranar Injiniya ke kwashe kashin kaji, allon kuma yana can an toshe ramin ɓera da shi, rubutu na kallon bango.

Bakinsa dai bai mutu ba. Ba a jima ba ya fara faɗa a teburin shayi cewa kaza tari ɗaya za ta yi ya gaya maka ciwonta. Magana ta kai kunnen Mai Kaji. Washegari ya zo ya tattara duk wani maganin kaji da ke gidan, ya zuba a jakar sifanu, ya saƙale a hammata ya tafi.

Har yau in Injiniya ya zauna a benci ya ce a soya masa ƙwai, Mai Shayi yakan ɗauki ƙwan, ya tsaya da shi a sama.

"Ranka ya daɗe, a kasko, ko a lagireto?"